Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yankewar Layin Kwamfuta da Illar Gyaran Kirdado

Duk wanda ya san Unguwar Gano da maƙwabtanta, wato Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ya san yanki ne da gida da shago suke jingine da juna. Kusancin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya ya sa kantunan magani da ɗakunan gwajin jini sun yawaita a wajen, kasuwar waya ta Farm Centre kuwa ta sa kayan sadarwa ba su da wuyar samu. A irin waɗannan gidaje ne wata sabuwar al'ada ta fara samun gindin zama. Mai gida zai ɗauki tsohuwar kwamfuta ya ajiye ta a wani lungu na ɗaki, ya bar ta a kunne dare da rana, ya haɗa ta da waya zuwa shago ko zuwa sauran ɗakuna, ta zama ma'ajiyar lissafin ciniki, da littafin bashi, da hotunan kyamarar tsaro, da takardun karatun yara. Irin wannan kwamfuta mai yi wa sauran na'urori hidima ita ake kira saba, wasu kuma sukan ce da ita uwar garke.

Babbar cutar da ke damun waɗannan ƙananan uwayen garke ita ce yankewar layi. Na'ura tana aiki lafiya lau, sai kawai a neme ta daga shago a rasa. Bayan sakan goma, ko minti biyar, sai ta dawo kamar ba abin da ya faru. Abin da ya kamata mai karatu ya duba a nan shi ne yadda ake tunkarar wannan matsala, domin a galibin lokuta ana tunkarar ta ne da kirdado da sayen sabon kaya, alhali ita matsala ce da ke buƙatar abin da kowane ɗalibin kimiyya ya koya a shekararsa ta farko: lura, da rubutawa, da sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne cewa haramun ne, a shari'ar kimiyya, a sayi sabon katin sadarwa kafin a yi wa tsohon shari'a da shaidu.

Misalin mai kantin magani

A ɗauki misalin wani mai kantin magani da shagonsa ke ƙofar gidansa. Uwar garken tana cikin gida, an ja waya ta cikin silin, a ƙarƙashin rufin kwano, ta sauko bayan kanta. A kan na'urar ne ake rubuta ranar da kowane magani zai lalace da kuma sunayen masu karɓar magani bashi. Sai layi ya fara yankewa. Ranar farko yaron shago ya ce laifin kamfanin sadarwa ne, aka sayi sabon layi. Ba a ga sauƙi ba. Wani maƙwabci ya ce katin sadarwar kwamfutar ne ya tsufa, aka sayo wani na maƙalawa a kafar USB. Kwana biyu aka yi ana murna, a na uku cutar ta dawo. Daga nan aka sauya rauta, aka goge kwamfutar gaba ɗaya aka sake zuba mata manhaja, a garin haka lissafin wata biyu ya salwanta. Ranar da wani kwali ya ɓace daga kanta aka je duba hoton kyamara, sai aka tarar daidai wannan lokaci layin a yanke yake.

Abin lura a wannan misali shi ne, an sauya abubuwa huɗu, an kashe kuɗi sau uku, amma ba a ƙaru da sanin komai ba. Ba wanda zai iya faɗin ƙarfe nawa layin yake yankewa, ko sau nawa a yini, ko fitilar da ke jikin kafar wayar tana mutuwa a lokacin ko tana nan a kunne. Mai nazarin halittu zai gane wannan ɗabi'a nan take, domin ita ce dai ɗabi'ar wanda duk zazzaɓin da ya kama shi sai ya ce maleriya ce, ya sayi magani ya sha, in bai ji sauƙi ba ya ce taifot ce, ya ƙara sayen wani. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2010 cewa a riƙa tabbatar da maleriya ta gwajin jini kafin a ba da magani. Hujjar hukumar ita ce magani ba tare da gwaji ba yana ɓarnatar da dukiya, yana kuma ɓoye ainihin cutar har ta yi ƙarfi. Hujjar nan ta hau kan kwamfuta daram.

Abin da ke cikin wayar

Kafin a yi wa abu magani sai an san ƙirarsa. Fasahar da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta ta waya sunanta Ethernet, kuma Robert Metcalfe ne ya fara tsara ta a shekarar 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a ƙasar Amurka, tare da abokin aikinsa David Boggs. A 1990 aka amince da ƙa'idar tura ta a kan murɗaɗɗiyar waya irin ta tarho da saurin megabit 10 a sakan guda, a 1995 aka kai 100, a 1999 kuma aka kai 1,000, wato gigabit ɗaya.

Idan aka feɗe wayar za a ga ƙananan silala 8 a ciki, an murɗe su biyu-biyu, sun zama tagwaye 4. Murɗin nan ba ado ba ne. Duk hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje tana shafar silalan biyu daidai wa daida, sai na'urar da ke karɓar saƙo ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, hayaniyar ta ɓace, saƙo ya rage. Layi mai saurin 10 ko 100 yana amfani da tagwaye 2 ne kawai, amma mai gigabit sai da duka 4. Wannan bayani kaɗai ya isa ya zama ma'aunin zafi ga mai gyara. Idan katin da ya kamata ya yi gudun 1,000 ya koma yana haɗuwa a kan 100, ko yana tsalle tsakanin biyun, to a mafi yawan lokuta wani sili ne daga cikin takwas ɗin ya karye ko bai zauna daidai a kan wayar ba.

Haka kuma, duk lokacin da aka haɗa na'urori biyu sai sun yi wata 'yar gaisuwa a tsakaninsu, kowace ta faɗi iyakar gudunta, su daidaita a kan wanda ya fi sauri da dukkansu za su iya. Idan saƙo ya gurɓace sosai, sai su saki juna su sake gaisawa daga farko. Waɗannan 'yan sakan na sake gaisuwa su ne mai shago yake gani a matsayin yankewar layi. Ke nan sau da yawa katin da ake zargi yana yin aikinsa ne yadda aka tsara shi, yana nuna cewa akwai ɓaraka a wani wuri, kamar yadda zazzaɓi yake alama ce ta yaƙin da jiki ke yi da wata ƙwayar cuta.

Darasin Golgi: lokaci shaida ne

A tsakanin 1885 da 1886 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Camillo Golgi ya zauna yana duba jinin masu maleriya yana kuma rubuta lokacin da zazzaɓi ke taso musu. Da ya jera bayanan sai ya gano cewa zazzaɓin yana tasowa ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar suka fasa jajayen ƙwayoyin jini suka fito, kuma akwai nau'in da ke zagayowa duk bayan awa 48, akwai mai zagayowa duk bayan awa 72. Bai sauya wa majiyyatan komai ba kafin ya gano haka. Agogo da alƙalami da madubin likita ne suka yi masa aiki.

Mai uwar garke ya fi Golgi sa'a, domin na'urarsa da kanta take rubuta tarihin ciwonta. A kan manhajar Linux, umarnin dmesg ko journalctl zai fito da layukan da ke cewa "Link is Down" da "Link is Up", wato layi ya faɗi, layi ya tashi, kowanne da sa'arsa da mintinsa, har da gudun da aka sake haɗuwa a kansa. A kan Windows ana samun makamancin wannan a cikin Event Viewer. Akwai kuma umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983, wanda aikinsa shi ne ya riƙa yi wa wata na'ura sallama yana jiran amsa. Idan aka bar shi yana yi wa rauta sallama tsawon yini, za a san daidai lokacin da amsa ta ɗauke.

Mako guda na irin wannan rubutu a littafin makaranta mai shafi arba'in ya kan raba matsalar gida uku. Na farko, layi ya faɗi a zahiri, fitilar kafar waya ta mutu, rajistar na'ura ta shaida. Wannan yana nuni ga waya, ko wutar lantarki, ko kati da manhajar da ke tuƙa shi. Na biyu, fitila tana kunne, rajista ba ta ce komai ba, amma ba a samun na'urar. Wannan yana nuni ga rikicin adireshi ko kuma na'urar ta yi barci. Na uku, cikin gida komai lafiya, waje ne ba a kaiwa. Wannan ba ruwan kati a ciki. A ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, intanet ya tsaya cik a wurare da dama na Nijeriya har da bankuna. Wanda ya buɗe kwamfutarsa a Tarauni a wannan rana yana neman laifin kati, ya nemi abin da ke can ƙasan tekun Atilantika ne a cikin ɗakinsa.

Da zarar an sami lokutan, sai a jera su kusa da abubuwan da ke faruwa a gidan. Shin yankewar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauke wuta aka koma kan inbata ko janareta? Shin tsakanin azahar da la'asar take yawaita, lokacin da rufin kwano ya ɗauki zafi? Shin sai an tayar da injin tura ruwa ko firji ya kama? Ko kuwa cikin dare ne, lokacin da ba mai amfani da na'urar? Kowace amsa tana nuna wanda ake tuhuma daban.

Darasin Lind: abu ɗaya a lokaci ɗaya

A shekarar 1747 likitan sojan ruwan Birtaniya James Lind ya ɗauki matuƙan jirgi 12 masu fama da ciwon da ke sa dasashi zubar da jini, ya raba su biyu-biyu, ya ajiye su wuri ɗaya, yana ba su abinci iri ɗaya. Abu guda kawai ya bambanta: wasu ya ba su ruwan khal, wasu ruwan teku, wasu kuma lemon zaƙi da lemon tsami. Masu shan lemo ne suka murmure cikin 'yan kwanaki. Da a ce ya haɗa wa kowa dukkan magungunan, da wasu sun warke, amma da ba wanda ya san dalili. Ƙa'idar ke nan: a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a jira, a rubuta. Kuma hankali ya nuna a fara da abin da ya fi araha da wanda ya fi yawan aukuwa.

Waya ita ce ta farko. Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi ba ya cin ko sisi: a ɗauko uwar garken a ajiye ta kusa da rauta, a haɗa su da gajeriyar waya ta kamfani wadda aka tabbatar da lafiyarta, a bar su kwana biyu. In yankewa ta tsaya, an wanke kati daga zargi, sai a koma kan doguwar wayar. Laifuffukanta sanannu ne. Ƙa'ida ta ce kada tsawonta ya wuce mita 100, kuma an yi wannan lissafi ne a kan zafi na digiri 20. A Kano kuwa, a watan Afrilu, zafin inuwa ma ya kan kai digiri 40, balle cikin silin a ƙarƙashin kwano, kuma duk yadda ƙarfe ya ƙara zafi haka yake ƙara raunana saƙon da ke bi ta cikinsa. Daɗin daɗawa, akwai wayoyi masu araha da cikinsu alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyom yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne kawai na lantarkin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka, ga saurin karyewa idan aka lanƙwasa shi. Gane shi ba wuya: a kankare sili ɗaya da reza, in fari ya bayyana a ciki, to an san abin da aka saya. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa wajen matse kan waya. Silala na 3 da na 6 dole su kasance tagwaye ɗaya. Wanda bai san wannan ba sai ya jera launuka yadda suka zo masa, ya maimaita jerin a ɗaya kan. Ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas za ta nuna komai daidai, domin kowane sili ya isa inda aka aike shi, amma an raba tagwaye da 'yan'uwansu, kariyar murɗi ta tafi. Irin wannan waya takan yi aiki idan gajeriya ce, ta riƙa yankewa idan ta yi tsawo ko aiki ya yi yawa. Haka nan bai kamata a warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kan ba. Sai a ƙara da ɓeraye da ke gwaguyar roba a cikin silin, da rana da ke fasa rigar wayar cikin ɗaki idan aka shimfiɗa ta a kan katanga, da ƙurar hunturu da ke taruwa a cikin kafar har ƙananan haƙoran su daina taɓa juna sosai.

Wutar lantarki ita ce ta biyu, kuma a wannan yanki tana gab da zama ta farko. A watan Oktoba na 2024 Kano da yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, kuma gida mai uwar garke ba ya rabuwa da sola ko inbata ko janareta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora kwamfutar a kan batir, a bar rauta ko akwatin rarraba layi a kan soket na gama-gari. Da an ɗauke wuta kwamfutar tana nan a raye, amma abokin gaisuwarta ya mutu, sai rajista ta rubuta cewa layi ya faɗi. Ƙaramar cajar da ke ba rauta wuta ita ma takan gaji da zafi da hawa da saukar lantarki, ta riƙa sa rautar tana mutuwa tana tashi. Har wa yau, wayar sadarwa da aka ɗaure a jikin wayar wuta suka yi tafiya mai nisa tare tana kwasar hayaniya, musamman idan injin ruwa ya tashi. In dole ne su haɗu, gara su gitta juna. Da damina kuwa, wayar da ta ratsa fili daga gini zuwa gini tana iya kwaso ƙarfin tsawa ta ƙona kafa ɗaya ta rauta ko ta raunana ta, don haka sauya kafa zuwa ta kusa da ita gwaji ne na minti ɗaya da bai kamata a tsallake ba.

Na uku shi ne tsimin wuta. A 2010 aka shigar da wata ƙa'ida mai lamba 802.3az da ke ba kati damar yin gyangyaɗi idan ba saƙon da ke wucewa. Manufar kyakkyawa ce, sai dai wasu katuna da wasu rautoci ba sa jituwa wajen farkawa, sai layi ya yanke. Alamar wannan ita ce yankewa a lokacin da na'ura ba ta aikin komai. A kan Linux umarnin ethtool yana iya kashe wannan tsari, wanda ake taƙaita sunansa da EEE; a kan Windows kuma akwai zaɓin da ke ba kwamfuta izinin kashe kati don tsimin wuta, sai a cire shi. Katunan da ake maƙalawa a kafar USB sun fi kowanne fama da wannan, shi ya sa wanda ya gudu gare su ya kan tarar ya ƙara wa kansa cuta ta biyu.

Na huɗu ita ce manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake kira direba. Masu amfani da Linux sun daɗe da sanin cewa wasu katunan Intel masu direban e1000e sukan daskare idan aiki ya yi nauyi, su bar saƙon "Detected Hardware Unit Hang" a rajista, kuma sau da yawa hana katin ɗaukar aikin yanka manyan saƙonni, wanda ake kira TSO, yana kawo sauƙi. Katunan Realtek na jerin 8111 da 8168 su ma sukan nuna hali daban bisa ga direban da aka ɗora musu. Idan yankewa ta fara ne washegarin sabunta manhaja, komawa kan tsohuwar gwaji ne mai kyau.

Na biyar shi ne rikicin adireshi. Kowace na'ura a gida tana da lambarta, kuma rauta ce ke rabawa. Idan mai gida ya kafa wa uwar garke lamba da hannunsa daga cikin waɗanda rauta ke rabawa, to wata rana, musamman bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, rautar na iya ba wayar salular wani yaro wannan lamba. Gida biyu sun zama masu adireshi ɗaya, sai wasiƙu su riƙa ɓata. Maganinsa shi ne a keɓe wa uwar garken lambarta a cikin rautar kanta.

Sai bayan an wanke waɗannan biyar ne ake da hujjar cewa katin ya lalace. Yakan lalace kuwa, musamman bayan tsawa. Amma a lokacin an saye shi da ilmi, kuma an san sabon ba zai faɗa ramin da tsohon ya faɗa ba. A misalin mai kantin magani, littafin mako guda zai iya nuna cuta biyu a jikin majiyyaci ɗaya: gajerun yankewa da rana tsaka daga wayar alminiyom da ke gasuwa a silin, da kuma dogaye a duk lokacin da aka juya wuta, saboda rauta ba ta kan batir. Sabon kati ba zai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da masu ja za su ce

Akwai masu cewa ɗan kasuwa ba shi da mako guda na zaman rubutu, lokaci kuɗi ne, gara a sauya komai a wuce wurin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma idan abin da za a sauya gajeriyar waya ce, to a sauya ta nan take, domin wannan ma gwaji ne. Inda maganar ta karye shi ne, rubutun ba ya hana ciniki, na'ura ce ke yin sa da kanta, aikin mutum bai wuce minti biyar na dubawa da yamma ba. Wanda ya sauya komai kuma ya yi sa'a, ba shi da abin da zai dogara da shi ranar da cutar ta dawo da bazara mai zuwa.

Wasu kuma sukan ce a rabu da waya mana a koma Wi-Fi. Ga wayar hannu wannan daidai ne. Amma katangar bulo da siminti da ƙofofin ƙarfe na gidajen Kano suna cinye ƙarfinsa, kuma a unguwa mai cunkoso kowane gida rautarsa tana magana a kan tashoshin da na maƙwabta ke magana. Na'urar da ke karɓar hoton kyamara dare da rana waya ce ta dace da ita. Waya mai kyau da aka matse bisa ƙa'ida tana iya shekaru ba a waiwaye ta ba.

Na uku su ne masu cewa wannan aikin masu gyara ne, mai kaya ba ruwansa. Babu shakka Kano tana da matasa masu basira a wannan sana'a, waɗanda da yawansu suka koye ta da hannu a kasuwa. Sai dai cutar da ke zuwa tana tafiya ba ta cika bayyana a gaban mai gyara ba. Ya zo ya tarar da komai lafiya, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka da an isa asibiti. Idan ba a ba shi tarihi ba, dole ya yi kirdado, kuma kirdadon da ya fi sauƙi shi ne a sayo sabo. Mai kayan da ya miƙa masa littafi mai ɗauke da ranaku da sa'o'i ya taimake shi kamar yadda uwa mai lura take taimakon likita.

Kammalawa

Abin da ake nema a nan bai fi ƙarfin kowa ba. Mai uwar garke ya ajiye littafi kusa da ita, ya tanadi gajeriyar waya ɗaya tabbatacciya domin gwaji, ya ɗora rauta da kwamfuta a kan batir ɗaya, ya kuma kwafe muhimman bayanansa zuwa wani wuri kafin ya bari a taɓa masa manhaja. Mai ja wa mutane waya ya nuna wa mai gida cikin silin kafin ya shimfiɗa, ya faɗa masa gaskiyar bambancin farashi. Malaman kimiyya na makarantun sakandare da na jami'a kuwa, da ke neman misalin gwaji mai ƙa'ida da ɗalibai za su taɓa da hannunsu, ga shi nan a ƙofar gida: wayoyi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya jan ƙarfe ɗaya alminiyom, da agogo, da littafi. Ɗalibin da ya koyi tambayar "yaushe abin yake faruwa, kuma me aka sauya?" a kan waya, zai yi wannan tambaya ranar da ɗansa ya kwanta da zazzaɓi, kafin ya aika a sayo magani. Allah Ya sa a dace.